Samanja ya fi kusa da mu

Duk lokacin da dattawan Sabo suka ɗauko hirar rediyon da, kafin a je ko'ina sai a tsaya kan mawaƙa: Shata da kalangu, Ɗanƙwairo da kotso, Ɗan Maraya Jos da kuntigi, Barmani Choge da ƙwaryar amada. Ba mu musa girmansu. Amma muna ganin an rage wa shirye-shiryen kansu haƙƙi, an kuma manta da tauraron da ya fi kama da mu mazauna Kudu.

Gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, zamanin Sardauna, kafin a haɗe shi cikin Rediyon Tarayya a 1978. A kan gajeren zango, mita 49, muryarsa ke isowa Sabon Ibadan da Shagamu da Agege. Abin da ya riƙe mutane shi ne gaurayen da ake yi: ga waƙa, ga wasan kwaikwayo, ga gaisuwa, ga ɗan wa'azi da labarin duniya. Sunan Jakar Magori ma ya isa bayani, jaka ce da ba a rasa komai a cikinta. A Zaɓi Sonka kuwa, mai sayar da goro a Shagamu zai aika kati ya gai da mahaifiyarsa a Kano, duk Arewa ta ji sunansa. Wanda ya shekara biyar bai je gida ba, ai wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

To amma mawaƙan nan, in za a faɗi gaskiya, da yawa daga waƙoƙinsu na sarakuna ne da attajirai da manyan gwamnati. Kiɗan da daɗi, Hausar kuma ta ƙwararru, sai dai wanda ake yabon bai san da zamanmu ba. Ɗan Maraya ne ya fi waiwayar talaka, kamar a waƙarsa ta karen mota, shi ya sa 'yan tasha suka riƙe shi.

Samanja Mazan Fama daban yake. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne, kuma tsohon soja. Ya ɗauko Hausar bariki, wadda ake cakuɗa ta da Turancin buroka, ya mai da ita abin sauraro a rediyo da talabijin. A barikin nasa akwai kowace ƙabila, ana faɗa kan mata da albashi da girman muƙami, a shirya, gobe a sake. Wannan fa shi ne zaman Sabo: maƙwabcinka Bayarabe, mai gidan hayarka wani yare, ciniki kuma da harshe uku. A Arewa wasu na dariya ne don wai Hausar ta karye. Mu nan muna dariya don mun gane mutanen.

Wasan ba ya rasa aibu. Sau da yawa barkwancin tsawa ce da muzurai, ana maimaita su har a san abin da zai biyo baya, matan bariki kuma ba a cika nuna su sai cikin kishi da gulma ba. Duk da haka ya nuna cewa Hausar da ta yi tafiya ta cuɗanya da wasu harsuna ita ma Hausa ce, tana iya ɗaukar hikima.

Abin da ke damunmu ke nan a yau. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sukan ji kunyar buɗe baki in sun je Arewa, don ana ce musu Hausarsu ta Kudu ce. Masu tura waƙoƙi a waya kuwa Shata da Ɗanƙwairo suka fi cika wa mutum, kowa ya toshe kunne ya ji shi kaɗai. Muna kira ga ƙungiyoyin matasa da makarantunmu su nemo abin da ya saura na Samanja da Duniya Budurwar Wawa, a riƙa sa wa yara a taru a saurara tare. Duk wanda ke da tsohon kaset a gida, don Allah ya fito da shi a kwafa tun bai lalace ba.