Sa Hannun Waye? Likita, Majinyaci da Dangi a Tarbiyyar Konfushiyas

A asibitocin ƙasar Sin, idan gwaji ya nuna ciwon daji, sau da yawa ba mai ciwon ne ke fara ji ba. Likita kan kira babban ɗa ofis, ya nuna masa hoton huhun, dangi su zauna su tsara abin da za a faɗa wa tsoho. Sai a koma bakin gado a ce masa ƙari ne mai sauƙi, a bare masa lemo.

Wannan ɗabi'a tana da tushe a koyarwar Konfushiyas, wanda ya rasu shekara 479 kafin haihuwar Annabi Isa. A wurinsa mutum ɗan wani ne, uban wani ne, mijin wata ne, don haka ciwonsa ciwon gida ne, kuma ɗa nagari shi ke ɗauke wa mahaifinsa nauyin mummunan labari. Likita ma an ɗora masa nasa kaya. Sun Simiao, babban likitan daular Tang da ya rasu a 682, ya wajabta wa mai magani ya riƙi talaka da attajiri, ɗan ƙasa da baƙo, tamkar danginsa. Duk ginin a kan amana yake tsaye.

Da tsarin Amurka ya shigo, wanda Beauchamp da Childress suka tsara a 1979 suka ba majinyaci iko da jikinsa, masana irin su Ruiping Fan na Hong Kong suka ce a Gabashin Asiya iyali ne ke yanke hukunci. Ina ganin hujjarsu. Wanda ciwo ya kayar ba ya son a bar shi daga shi sai takarda da biro, kuma Bahaushen da ya taɓa jinyar uwarsa ya san haka.

Amma a 2007, a Beijin, wata mai ciki ta rasu tare da abin da ke cikinta, saboda mutumin da ya kawo ta ya ƙi sa hannu a yi mata tiyata, likitoci kuma suka tsaya jira. A 2017, a garin Yulin, wata mai naƙuda da ta nemi a yi mata aiki ta faɗo daga tagar asibiti. Asibiti ya ce dangi ne suka hana, dangi suka musanta. Wannan abu yana ci mini rai. Ina tausayin da Sun Simiao ya yi wasiyya da shi?

Abin da ya tsayar da hannun likitocin tsoro ne. Tun shekarun 1980 gwamnati ta rage wa asibitoci tallafi, suka koma dogaro da cinikin magani, miƙa wa likita kuɗi a jan ambulan ya zama ruwan dare, zargi ya yi yawa, har aka riƙa kai wa likitoci hari. Sa hannun dangi sai ya zama garkuwar likita.

An soke ribar magani a asibitocin gwamnati a 2017. Dokar farar hula da ta fara aiki a 2021 ta ce a yi wa majinyaci bayani shi da kansa, sai in hakan ba zai yiwu ba ko bai dace ba a koma ga makusanta. Wa ke tantance abin da bai dace ba? Likita ne, kuma babban ɗa ya riga ya tare shi a bakin ƙofa kafin kowa ya tambayi tsoho ko yana son sani.