Shaihu Umar a Takarda, a Dandali da a Majigi

Littafin Shaihu Umar ɗan ƙarami ne, mai son karatu ya iya gama shi a yini guda. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi sa'ad da yake matashin malamin makaranta, domin gasar ƙaga labari da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. An buga shi a 1934, shekara ɗaya da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Marubucin ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a watan Janairu na 1966, amma labarinsa ya ci gaba da tafiya. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo na dandali, aka buga a 1975. Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai a 2016 aka gano faifansa a wani ɗakin ajiya a Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Ga labari ɗaya ke nan da riga uku. Shi ya sa ya dace da tambayar da ke damun duk wanda ya taɓa zama domin rubuta wasa: me ya kamata a sāke idan labari ya bar takarda ya koma bakin 'yan wasa?

Bari mu tuna yadda aka gina littafin. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta. Almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya buɗe baki ya ba su labari tun daga Kagara inda aka haife shi. Mijin uwarsa, Makau, bafade ne wanda abokan gaba suka ƙulla masa sharri aka kore shi. Aka sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun masu cinikin bayi a Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi Masar ya riƙe shi kamar ɗansa. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su sadu ba sai a Tarabulus, sa'an nan ta rasu. Dukan wannan da bakin mutum ɗaya aka faɗa.

A nan wuyar take. Umar yana ba da labarin abubuwan da bai gani ba. Yana jinjiri aka yi wa Makau ƙulli a fada. Yana Masar uwarsa take shan wahala a hanyar Murzuk. Mai karatu ba ya tsayawa ya ce, ina ya san wannan? Mun saba da haka tun daga tatsuniya, mai labari shi ke da gari. Amma ga abin da wannan ya jawo: kukan uwar ya iso gare mu ta bakin dattijon da ya riga ya huce, wanda ya karɓi kome a matsayin ƙaddara. Muryar Shaihu mai sanyi ita ce kyan littafin, ita ce kuma rauninsa. An sayar da mace kamar akuya, amma jimlar da ta ɗauko labarin ba ta ko girgiza ba.

Dandali ba ya yarda da wannan. Da zarar an rubuta sunan mutum a gefen hagu na shafi, aka sa ɗigo biyu, to an ba shi baki, ba wanda zai yi magana a madadinsa kuma. Wannan ɗan tsari na shafi, suna a hagu, magana a dama, umurni ga ɗan wasa a tsakanin baka biyu, ya fi ƙarfin ado. Shi ne ke ƙwace labarin daga hannun Shaihu ya rarraba wa mutanensa. Uwar Umar, wadda a littafi ana maganarta ne, a dandali dole ta tsaya gaban jama'a ta roƙi wanda ya saye ta da harshenta. Makau dole ya kāre kansa gaban sarki, masu sharrin kuma mu ga fuskokinsu. A ganina a nan ne dandali ya fi littafin riba, gama cinikin bayi ya fi muni idan wadda aka sayar tana tsaye kamu goma daga inda kake zaune.

Sai dai dandali yana biyan wannan riba da tsada. Labarin Shaihu Umar labarin tafiya ne, daga ƙasar Hausa zuwa Masar da Tarabulus, ta irin hanyoyin ayarin da suka ratsa Damagaram da Agadas da Bilma. Yaya za a sa hamada a kan katako? Yaya za a nuna guguwar rairayin da ta hallaka ayarin Abdulkarim a hanyar komowa? Akwai kuma wurin da kura ta kashe ɓarawon da ya sace yaron. A littafi jimla biyu sun isa. A dandali, idan aka sa wa wani saurayi fata ya shigo yana rarrafe, yara za su fashe da dariya a daidai inda ake so a yi tsit. Marubuci mai hankali zai bar kurar a bayan labule, a ji kukanta da ihun mutumin, a ga yaron shi kaɗai. Wato dole ya riƙa zaɓen abin da za a gani da abin da za a ji labarinsa kawai, ba zai iya bin littafin babi babi ba.

Ba a ambaci rediyo cikin rigunan nan uku ba, amma ya kamata mu tsaya kansa kaɗan, domin ta nan yawancinmu muka fara sanin wasa. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu, ta rediyo suka fara kafin a buga su, mai karatu kuwa zai ji alamar haka a yawan maganarsu. A rediyo kurar nan ba ta da wuya ko kaɗan, hamada ma iska ce da ƙarar raƙuma. Abin da ke da wuya shi ne abu mafi sauƙi a dandali: wa ya shigo? Mai sauraro makaho ne na ɗan lokaci. Dole mutanen wasa su riƙa kiran juna da suna fiye da yadda ake yi a gida, dole a ji sallama kafin a san an yi baƙo. Shi ya sa shafin rediyo yakan keɓe layi dabam domin ƙarar ƙofa ko kiɗa, a kuma sa wa layukan lamba domin mai na'ura ya san inda ake. Abin mamaki, rediyo ne kaɗai zai iya riƙe muryar Shaihu kamar yadda littafi ya riƙe ta, tun da shi ma murya ce kawai.

Fim kuwa ya mallaki abin da dandali ya rasa. Yana iya nuna ayari a kan rairayi, da kasuwar Kano, da ganuwa. Amma rubutunsa shi ne mafi tsanani a cikinsu duka. Kowace fitowa tana farawa da layi guda mai faɗin abu uku: ciki ne ko waje, wane wuri, dare ne ko rana. Ba domin mai kallo ake rubuta wannan ba, domin masu ɗaukar hoto ne da masu fitila da mai lissafin kuɗi. A al'adar masu sana'ar, shafi ɗaya yana daidai da wajen minti ɗaya. Fim ɗin Halilu ya kai minti 142, ka ga ke nan ɗan littafin nan ya kumbura ƙwarai kafin ya cika majigi.

Har nahawu ma sākewa yake yi. Hausar littafi tana tafiya da "sai ya tashi, sai ya tafi, sai suka iske", abin da ya riga ya wuce. Hausar rubutun fim kuwa "yana tashi, yana duban gabas" ce, abin da ke faruwa yanzu gaban ido. Ba kuma a yarda a rubuta abin da na'ura ba ta iya ɗauka ba. Marubucin littafi yana iya cewa Umar ya yi mafarkin uwarsa, hankalinsa ya tashi. Marubucin fim dole ya nemo abin da za a gani: ya farka da gumi, ko ya kāsa cin abinci, ko allo ya faɗi daga hannunsa. Masu koyon wannan sana'a a nan suka fi tuntuɓe. Sukan rubuta "ta tuna da ɗanta" su wuce, su bar 'yar wasa tana kallon sama ba ta san abin yi ba.

Halilu ya riƙe tsarin littafin, malami da almajiransa a farko, sa'an nan labari ya koma baya. Ana iya fahimtar dalilinsa, gama marubucin bai fi shekara goma da rasuwa ba, littafin kuma ya zama na makaranta. Duk da haka wannan tsari ya fi amfani a takarda. Wanda ya ga Shaihu tun farko zaune lafiya cikin rawani ya riga ya san yaron zai tsira daga kura da bayi da guguwa. A littafi wannan bai dame mu ba, domin muryar muke bi. A majigi kuwa, inda ido yake so ya ji tsoro, an rage wa labarin ƙarfi tun kafin ya fara.

Akwai wata tambaya da littafin bai taɓa fuskanta ba. Da wane harshe Abdulkarim yake magana da iyalinsa a Masar? A takarda kowa Hausa yake yi, tun da Shaihu ne ke fassara mana kome. Da zarar an ba Balaraben nasa layi, sai a yanke shawara: Larabci, wanda yawancin masu kallo ba sa ji, ko Hausa mai kyau, ko gurɓatacciyar Hausa irin wadda Samanja ya yi suna da ita a bakin soja, wadda dariya take jawowa. Ko wanne aka zaɓa, ya sāke yadda za mu ɗauki mutumin da ya sayi yaro sa'an nan ya ƙaunace shi.

Kada kuwa a ɗauka sai da cikakken rubutu ake wasa mai kyau. Ƙungiyoyin wasan Hausa na Nijar, irin ta Yazi Dogo a Damagaram, sun yi suna a rediyo da talabijin ba tare da an rubuta musu kowace kalma ba. Janet Beik ta bayyana hanyarsu a littafinta na 1987: a yarda da ƙashin labari da jerin fitowa, sa'an nan kowane ɗan wasa ya zuba maganarsa a wurin gwaji. Shi ya sa gaisuwarsu da cinikinsu da faɗan kishiyoyinsu suke da rai haka. Amma hanyar nan ta fi dacewa da labarin tsakar gida da ofis, inda ɗan wasa ya san maganar tun daga gidansu. Ba wanda ya san yadda baiwa take magana da ubangidanta a Murzuk a ƙarshen ƙarni na 19. Wannan kam sai an zauna an rubuta mata, layi bayan layi.