Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Sharhi Kan Matsayin Hausa a Dokar Nijar da Kuma a Wayar Hannu

Ranar 26 ga Maris 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya maye gurbin kundin tsarin mulkin 2010 da aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Cikin duk abin da sabon kundin ya ƙunsa, babu wanda ya yi amo a wajen iyakokinmu kamar sashen da ya yi magana kan harsuna: Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ƴan uwa daga Kano da Kumasi da Garwa sun yi ta aiko mana da barka, mu ma mun amsa da fara'a, domin abin a yi murna ne. Sai dai ni sana'ata ita ce in ɗauki rubutun da ba a yi shi da harshen mutane ba, in juya shi, in shigar da shi kunnensu ta rediyo. Da idon wannan sana'a na karanta sashen, kuma da shi zan yi masa sharhi.

Kalmomi biyu ne suka riƙe sashen baki ɗaya: "ƙasa" da "aiki". Mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa, mene ne aiki a wurin hukuma? Aiki shi ne takardar haihuwa, da sammacin kotu, da takardar fili, da sanarwar jarrabawa, da rasiɗin haraji, da saƙon da kamfanin waya ke turo maka kafin ya yanke kuɗinka. Duk wurin da haƙƙin talaka ke haɗuwa da hukuma, wurin aiki ne. To idan aiki ya tsaya a hannun Faransanci da Ingilishi, abin da ya faru shi ne an naɗa wa Hausa rawani, an bar hatimi a aljihun wani. Rawani yana da daraja, ban raina shi ba, amma ba da shi ake buga takarda ba.

Domin a yi adalci, sai mu waiwayi kundin 2010. Ayar doka ta 5 ta ce Faransanci ne harshen hukuma, amma ta ba kowace al'umma ƴancin amfani da harshenta, ta daidaita harsunan a matsayin harsunan ƙasa, ta kuma ɗora wa gwamnati nauyin raya su. Tun 2001 ma akwai dokar da ta lissafa guda goma: Larabci, Buduma, Fulatanci, Gurmanci, Hausa, Barbarci, Zabarmanci, Buzanci, Tasawak da Tubanci. Aya ta 31 ta ba kowa haƙƙin samun labari da isa ga bayanan da ke hannun ma'aikatun gwamnati, sannan a watan Fabrairun 2011 aka fitar da dokar da ke fayyace yadda za a nemi waɗannan bayanai. Aya ta 43 ita ce ta fi burge ni, domin ta wajabta wa gwamnati fassara kundin da kansa, tare da rubuce-rubucen da suka shafi haƙƙin ɗan Adam, zuwa harsunan ƙasa, ta kuma yaɗa su.

A takarda, wannan rubutu ne mai kyau, ya ma fi na 2025 fito da nauyin da ke wuyan hukuma a fili. Amma kyan alkawari cikawa. A shirye-shiryen da na sha gabatarwa kan haƙƙin ɗan ƙasa, rubutun Faransanci nake shimfiɗawa gabana ina juyawa da kaina, haka ma abokan aikina a sauran tashoshi. Sakamakon shi ne kalma ɗaya ta doka tana fita da suna uku a gari ɗaya. Tsarewar ɗan lokaci da ƴan sanda ke yi wa mutum kafin a kai shi gaban alƙali, wani ya ce "tsarewa", wani ya ce "kullewa", wani ya ce "jefawa kaso", alhali tsakaninsu akwai tazarar da za ta iya sa uwa ta kwana tana kuka ko ta kwana da kwanciyar hankali.

Da can wannan matsala tana tsayawa a bakin ofis, inda ko ba komai za ka sami masinja ko wani ɗan garinku ya yi maka tafinta. Yanzu ofis yana ƙaura zuwa cikin waya, kuma waya ba ta da masinja. Duba sakamakon jarrabawa, da aika kuɗi, da rajistar layi, da neman gurbin karatu, duk suna komawa can. Mai noma a Mirya ko mai sayar da ƙosai a Tasawa yana riƙe da ofishin a tafin hannunsa, amma ƙofar da Faransanci aka rubuta ta. A shirin kiran waya, ba sau ɗaya ba sau biyu ba, mai sauraro ya kira yana karanto mini saƙon da aka turo masa harafi bayan harafi, don in gaya masa ko kuɗi aka ba shi ko kuɗi aka cire masa. Mutum ya kashe kuɗin kira don ya san abin da aka rubuta masa a wayarsa ta kansa.

Ko an fassara kalmomin ma, da sauran rina a kaba, domin akwai abin da ya wuce kalma. Ɗauki ƙirgan kuɗi. Mu a nan da dala muke ƙirga: sefa 5 dala ɗaya, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 jika guda. Idan tsohuwa ta ce a aika wa ɗanta "ɗari biyar", sefa 2,500 take nufi. Waya kuwa ba ta san dala ba. Wanda ya danna 500 ya aika kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka nufa, kuma babu wanda ya yi ƙarya tsakaninsu. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan lissafi a ka, amma manhajar da aka ce an yi ta don talaka ba ta taɓa tambayarsa da wane ƙirga yake magana ba.

Haka batun suna da ranar haihuwa. Fom ɗin intanet yana neman sunan dangi daban, sunan yanka daban, irin tsarin Turawa. Bahaushe kuwa sunansa da na mahaifinsa yake da su, wani lokaci da laƙabi ko sunan gari. Yau a sa sunan uba a gaba, gobe a sa shi a baya, jibi kwamfuta ta ce mutum biyu ne, ko ta ce babu shi. Dattawa da yawa, har da matasan karkara, takardarsu ta kotu ce wadda ta ce an haife su wajajen shekara kaza. Fom ba ya karɓar "wajajen", sai a cusa musu 1 ga Janairu, a wayi gari rabin ƙauye ranar haihuwarsu ɗaya. Wannan abin dariya ne har ranar da kuɗin tallafi ko gurbin makaranta ya maƙale saboda shi.

Sai batun sirri. Kundin 2010 ya kare sirrin wasiƙu da sadarwar mutane, kuma tun 2017 muna da dokar kare bayanan mutum. Amma wanda ba ya karanta abin da ke kan allon wayarsa, dole ya miƙa ta ga yaron shago, ya faɗa masa lambar sirrinsa da babbar murya, a gaban duk wanda ke layi. Mata abin ya fi shafa. A gidaje da yawa wayar ta maigida ce, ko ta ɗan da ya yi lakwal, don haka saƙon asibiti, ko kuɗin da ƴar uwa ta aiko a ɓoye don wata lalura, sai ya bi ta idon wani kafin ya iso. Kunya kuma ta hana mace ta ce wa ɗan cikinta ya karanta mata abin da ya shafi jikinta. Doka ta ba ta sirri, harshe ya karɓe.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne dokar laifuffukan intanet. An kafa ta a 2019, a 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓatanci da zagi, a watan Yunin 2024 kuma aka mayar da shi. Ba na jayayya a nan kan dacewar hukuncin, wannan wani zance ne. Abin lura shi ne mutanenmu da murya suke amfani da WhatsApp, kuma saƙon murya na Hausa da wani ya tura wa zauren abokai yana iya kai shi gaban alƙali. Ke nan hukunci yana jin Hausa sarai. Dokar da ta tanadi hukuncin ce da Faransanci aka buga ta a jaridar hukuma. An ce rashin sanin doka ba uzuri ba ne, na yarda, amma sai wanda ya kafa ta ya fara sauke nasa nauyin na sanar da ita da harshen da ake aikata laifin da shi.

Wani zai ce ai manyan kamfanoni sun riga sun share mana hanya. Gaskiya ne Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, Facebook ma ya buɗe shafinsa da Hausa a 2016. Amma wannan alheri ne na ɗan kasuwa, yau ya bayar, gobe ya ga babu riba ya janye, ba ka da kotun da za ka kai shi. Bayan haka, yawancin Hausar da ke intanet daga Najeriya take fitowa, da kalmominta na aro daga Ingilishi da kuma dokokinta. Ɗan Maraɗi da ya nemi bayani da Hausa kan haƙƙinsa idan an kama shi, abin da ya fi saurin tararwa bayanin dokar Najeriya ne, wadda ba ta aiki a kansa. Har rubutun ma bai daidaita ba: mu muna rubuta "ƴanci", su suna rubuta "'yanci", mai gaggawa kuma ya rubuta "yanci", kalma ɗaya ta rabu gida uku wajen nema.

Maƙwabtan namu kuwa suna da darasin da ya kamata mu ɗauka. Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce za a gudanar da harkokin majalisar tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Wannan sharaɗi yana nan tun kundin 1979, kuma har yau da Ingilishi majalisar ke zama. Duk ayar da ta ɗaga harshe ba ta faɗi wanda zai yi aikin ba, ba ta sa wa'adi ba, ba ta ware kuɗi ba, to tana iya shekara arba'in tana jiran tanadi.

Akwai kuma maganar da ya wajaba mu Hausawa mu faɗa da bakinmu kafin wani ya faɗa mana. Kundin 2010 ya jera harsunanmu kafaɗa da kafaɗa. Na 2025 ya fifita Hausa, ya kira sauran harsunan da ake magana da su a Nijar. Matar Tilaberi da Zabarmanci kaɗai take ji, da makiyayin Abalak, da masuncin Difa, katangar da ke gabansu ita ce ke gabanmu. Idan gobe aka mayar da allon waya Hausa zalla aka bar su, mun canza wa katangar fenti ne kawai. Gidan rediyon Muryar Sahel da tashoshin karkara sun daɗe suna ba da labarai da harsuna daban-daban a rana ɗaya, ba a ga ƙasa ta tsage ba. Abin da rediyo ya iya da ƴan kayan aikinsa, waya ba ta da hujjar kasawa.

Mu ma masu alƙalami da makirufo da namu kason. Muna fassara doka a iska, iska ta tafi da ita, ba ma rubutawa mu ajiye inda wani zai nema ya samu. Marubutanmu sun cika intanet da labaran soyayya, ba laifi, amma da wuya ka ga wanda ya zauna ya bayyana wa mai karatu da Hausa abin da zai yi idan an ƙwace masa fili. Da yawanmu kuma mun yi watsi da ƙ da ɗ da ɓ saboda gaggawa, har ba a bambance "ƙasa" da "kasa", alhali kan wannan kalma ce duk murnar ta tsaya.

Abin da nake ganin zai mayar da sashen nan abin amfani ba ya da yawa. A fitar da kundin kansa, da dokar laifuffukan intanet, da dokar samun bayanai, cikin Hausa da sauran harsunanmu, a rubuce da kuma a murya, yadda za a iya tura su ta waya kamar yadda ake tura wa'azi. Hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa ta wajabta musu ba mutum zaɓin harshe, da saƙon murya mai faɗin kuɗi da sefa da kuma dala kafin a tabbatar da aikawa. A gyara fom ya karɓi sunanmu da shekarunmu yadda suke. A zaunar da malaman harshe na Jami'ar Abdou Moumouni da alƙalai da ƴan jarida su tsayar da kalmomin doka, a yi shawara da ƴan uwanmu na Kano da Sakkwato don kada mu sake rabuwa.

Ranar da mai ƙosai ta karɓi saƙo daga hukuma ta gane shi ita kaɗai, ba tare da ta miƙa wayarta ga kowa ba, ranar ce Hausa ta shiga birni. Kafin nan muna hangen Dala ne daga nesa. Allah ya ba shugabanni ikon cika abin da suka rubuta, mu kuma ya ba mu ikon tunatar da su.