Masu Shuɗin Hannu na Ƙofar Mata

Masu kamfanonin tufafi yanzu suna yawan maganar sanin asalin yadi: wa ya saƙa, da me aka rina, nawa ya shiga aljihun ma'aikaci. Duk telan da ke neman amsar da ba za ta ba shi kunya ba, ya hau motar Kano ya sauka a karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498.

Haɗin rinin ganyen baba ne da toka da ruwa. Sai kuma haƙuri, don rijiyar rini ba ta karɓar gaggawa. Kwanaki ake yi ana motsa ta kafin kumfa ya nuna ta nuna. Marini ya tsoma yadi, ya ɗaga ya sha iska, ka ga kore yana rikiɗa shuɗi a gaban idonka, ya sake tsomawa. Hannunsa kuwa ya daɗe da yin sallama da launinsa na asali. Ko katsin da ya kwanta a gindin rijiya ba a zubarwa. Da shi magabata ke haɗa laso.

Mata ne a cikin gidaje ke ɗaure zanen da zare, mabuga su daka shi har ya yi sheƙi. Da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar kayan nan na kaiwa Timbuktu da Tarabulus. Atamfar waje mai araha ta kashe rijiyoyi da dama, amma marinan da suka rage ba su bar zama bakin karofi ba.