Sharhi A Kan "Following", Fim Ɗin Farko Na Christopher Nolan

Galibin masu kallo sun san Christopher Nolan ne ta manyan finafinansa, kamar Inception na 2010 da Oppenheimer wanda ya jawo masa kyautar Oscar a 2024. To, ni ɗan farinsa nake so mu duba, wato Following na 1998. Baƙi da fari ne, tsawonsa kimanin minti 70, kuma abin da aka kashe wajen dala 6,000 ne kacal. A Landan aka ɗauke shi, ran Asabar ran Asabar har kusan shekara guda, domin 'yan wasan kowa na da aikinsa na neman abinci.

Labarin wani saurayi ne marar aikin yi, mai burin zama marubuci, wanda ya tsiri bin mutanen da bai sani ba a kan titi. Ran nan sai ya bi wani ɗan gaye mai suna Cobb, ashe gawurtaccen mai fasa gidaje ne. Cobb ya koya masa sana'a, wata kyakkyawar mace ta shigo tsakani, daga ƙarshe aka rataya wa saurayin kisan da bai yi ba. Irin wannan labari na duhu da yaudara shi ne Faransawa suka laƙaba wa "noir", wato baƙi.

A ganina ƙarfin fim ɗin yana ga zubi da tsarinsa. Nolan ya yanka labarin gida uku ya cakuɗa, amma mai kallo ba ya ɓacewa, don kamannin saurayin ke gaya masa inda ake: nan ga shi da gashi buzu-buzu, can ya yi aski ya sa kwat, can kuma fuska ta kumbura da duka. Tun ba a nuna dukan ba ka ga tabonsa, sai ka zauna kana jiran ta inda zai faɗo. Rashin kuɗin ma ya yi rana, domin da hasken taga aka ɗauki yawancin hotunan, duhun ɗakunan ya dace da jigon. Sannan ga Cobb, ɓarawon da asirin mutane ya fi damunsa a kan dukiyarsu. Sai ya buɗe akwatin da mutum ke adana 'yan tarkacensa na sirri, ya sha giyar masu gida, ya ɓoye ɗan kunne guda. Ni kam tun da na gani nake duban akwatina da wani ido.

Amma fa akwai rauni. Macen nan ba a ba ta halin kanta ba; tarko ce kawai aka ɗana, da ta gama aiki aka kawar da ita. Na biyu, makircin Cobb ba zai yiwu ba sai in ya san duk takun da saurayin zai yi tun kafin ya ɗaga ƙafa, abin da hankali ba ya ɗauka. Da na sake kallo a karo na biyu sai na riƙa ganin hannun marubuci yana tura mutane inda yake so. Warwarar ƙullin kuwa, da baki aka yi yawancinta a gaban ɗan sanda, alhali fim abin nunawa ne. Faɗan da aka yi a kan rufin bene shi ma bai gamsar da ni ba.

Alex Haw, wanda ya fito a Cobb, shi ya fi kowa iya wasa a ciki, ga shi kuwa daga baya aikin zanen gine-gine ya kama.