Kwanakin Tsakiyar Teku: Inda Alƙalamin Marubutanmu Ke Gajiya

Duk mai bin littattafan hikaya na Hausa, tun daga na shekarun 1990 zuwa waɗanda ake karantawa yau a waya, zai lura cewa attajiran cikin labaranmu kullum ƙara nisan zango suke yi. Da can Jos ko Legas ake kai amarya shaƙatawa, daga baya aka koma Landan da Dubai, yanzu kuma ga shi an fara ɗora ango da amarya a kan jirgin ruwa na alfarma suna keta teku. Wannan ba laifi ba ne. Marubucin da ke zaune a Shagari ko Boɗinga, kusan kilomita 1,000 daga bakin teku, yana da 'yancin ya kai taurarinsa duk inda tunaninsa ya kai. Ƙorafinmu shi ne abin da ake yi da su bayan an kai su can.

A yawancin irin waɗannan rubuce-rubuce da ke zuwa hannunmu, da zarar jirgi ya bar tasha sai marubuci ya koma ɗan kasuwa mai ƙidayar haja. Zai lissafa mana gadon alfarma da labule da wurin wanka da kalolin abinci, sannan ya rufe babi da cewa bayan kwana goma suka isa lafiya. To, ina kwana goman suka tafi? Ai a cikinsu labarin yake, kuma su ne aka tsallake.

Bari mu fara da yadda abin yake a zahiri. A doguwar tafiya akwai ranakun da jirgi ba ya tsayawa ko'ina, babu gari, babu kasuwa, sai ruwa gaba da baya. Jirgin Queen Mary 2, alal misali, yakan yi kwana 7 tsakanin Southampton a Ingila da New York a Amurka ba tare da ya yada zango ba. Wani jirgin mai suna Serenade of the Seas ya yi zagayen duniya na kwana 274, daga Disambar 2023 zuwa Satumbar 2024. A irin waɗannan ranaku rayuwa kan koma bisa tsari ɗaya: kowace yamma a ba fasinja jadawalin gobe, da tsakar rana kyaftin ya yi shela ya faɗi inda aka kai da yanayin teku, sauran wuni kuwa ci ne da lacca da wasanni da zagaya farfajiyar jirgi don a miƙe ƙafa. Kwana uku na farko abin sha'awa ne. Daga nan sai idanu su saba, mutum ya koma kallon abokan tafiyarsa, su ma suna kallonsa.

Idan kuwa fasinjan Bahaushe ne Musulmi, to abin rubutawa ya ninka. Jirgi yana juyawa, alƙibla tana sauya masa kusurwa a ɗaki ɗaya. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tattauna sallar cikin jirgin ruwa, har da juyawar mai salla idan jirgin ya juya, kuma tsarkin ruwan teku yana cikin hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Mai tafiya daga Ingila zuwa Amurka za a mayar masa da agogo baya da awa guda har sau 5, wato wuninsa ya zama awa 25. A tambayi mai azumi yadda wannan awar take. Sannan ga tambayar da za ta taso a teburin cin abinci kowane dare game da naman da aka kawo. Alhajin da zai yi mako biyu a teku bai taɓa neman gabas ba, wannan ba Alhajin da muka sani ba ne, hoton kalanda ne.

Kada wani ya ce teku baƙon abu ne a adabinmu. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, ya haye tekun Bahar Rum, kuma labarin rayuwarsa da ya bayar da bakinsa ya fito a littafin Magana Hausa na J. F. Schön a 1885. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila da Makka ta ruwa a 1921. Alhaji Abubakar Imam, yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya bi ayarin editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila a 1943, tafiyar da ta haifar da Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Wannan kuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, bayan Jamusawa sun nutsar da jiragen fasinja na kamfanin Elder Dempster, Accra da Apapa a 1940, da Abosso a 1942. A ayarin akwai Nnamdi Azikiwe, wanda ya jagoranci takardar neman mulkin kai da aka miƙa wa gwamnatin Ingila, Imam kuwa bai sa mata hannu ba. A yi tunanin mutum biyu masu irin wannan saɓanin ra'ayi a jirgi ɗaya, ga fargabar hari, ga shi babu wurin da wani zai kauce wa wani. Ga labari nan a ajiye ga mai so.

Bayan yaƙi, jirgin Aureol ya yi jigila tsakanin Legas da Ingila daga 1951 zuwa 1974, tafiyar kimanin mako biyu, ana tsayawa a tasoshi irin su Firitawun da Las Palmas. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da 'yan siyasa da yawa ta nan suka bi, kuma kowa da ajin ɗakinsa gwargwadon kuɗinsa ko muƙaminsa. Tarihin nan yana tuna mana da wasu mutanen da marubutanmu ba sa gani sam, wato ma'aikatan jirgi. A 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya na sabon jirgin Apapa sun ajiye aiki a Liverpool saboda wariyar launin fata da suka ce ana nuna musu. A yau ma jirgi irin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ma'aikata fiye da 2,000 ke yi musu hidima. Da yawan ma'aikatan irin waɗannan jirage daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke, suna kwana a ɗakunan ƙasa, su shafe watanni ba su ga iyalinsu ba. Marubucin da ya ga faranti bai ga hannun da ya ajiye shi ba, rabin jirgin kawai ya shiga.

Wani zai ce, to lissafin kaya laifi ne? A'a. Mutanen Shagari ma suna da hujja a gida. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta a ƙarshen shekarun 1940, ya tsara Waƙar Nijeriya, wadda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1973. Waƙar cike take da sunayen garuruwa da koguna da al'ummu, wato lissafi ce ita ma. Amma malamin ya san dalilin kowane suna da ya kawo: yana so ɗalibin da bai taɓa wuce Sakkwato ba ya riƙe taswirar ƙasarsa a ka. Lissafin da ke da aiki ke nan. Shi kuwa lissafin labule da kujeru, me mai karatu zai riƙe bayan ya rufe littafi, in ban da ƙwaɗayi?

Abin mamaki, gwanintar da ake bukata tana hannunmu tuntuni. Babu abin da marubutanmu, musamman mata, suka ƙware a kai kamar rayuwar tsakar gida: mutane a cikin katanga ɗaya, murhu ɗaya, kowa na jin tarin kowa, gaisuwa a baki, magana a ciki. To jirgin ruwa a tsakiyar teku babban gida ne wanda aka rufe ƙofar zaurensa. Amaryar da ta yi fushi ba ta da gidan iyayen da za ta yi yaji. Angon da ya saba fakewa da kasuwa ko majalisa, yau babu inda za shi. Sai an zauna, sai an yi maganar da aka daɗe ana gudu. Masu iya magana sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma mai hali ba ya fasa halinsa don ya hau ruwa. Duniya ta ga ƙarshen wannan kulle a Fabrairun 2020, lokacin da aka tsare jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki saboda cutar korona, fiye da 700 suka kamu, ɗakunan alfarma suka koma kurkuku.

Akwai kuma hakkin mai karatu. Yarinyar da ke karanta labarin nan a ƙaramar hukumar Shagari ta san ruwa, ta kuma san abin da yake yi. A Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana, aka rasa rayuka fiye da 20, yawancinsu yara da matasa. Idan za mu ɗauke ta daga wannan gaɓa mu kai ta jirgin da ya fi unguwarsu yawan jama'a, to ya kamata ta dawo da wani sani game da mutane da dukiya da tsoro da haƙuri. In kuwa abin da ta samo bai wuce cewa masu kuɗi ba su da damuwa ba, mun cuce ta, domin ƙarya muka sayar mata.

Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, ita ce: kafin ka ɗora taurarinka a jirgi, nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi ka karanta, ka binciki tsarin jirgin da hanyarsa da adadin kwanakinsa. Sannan ka gwada kanka da babi guda, wuni ɗaya cur a tsakiyar teku, daga sallar asuba zuwa lisha, ba tasha, ba haɗari, ba ɗan fashi. Idan mai karatu ya kai ƙarshensa bai yi hamma ba, to ka iya. Idan kuwa ka ga babu abin faɗa, matsalar ba ta teku ba ce, taurarin ne ba su da rai tun suna tudu, sai a koma a sake gina su.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.