Darasin Jita na Jaka 32: Abin da Na Gani a Kwana Bakwai

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida ina shan shayi. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, don Allah ka duba mini wannan. Idan ka ce in saya zan saya, idan ka ce in bari na bari."

Tallar wani darasin koyon kaɗa jita ce ta intanet. Wani Bature ne zaune a ɗaki mai haske, jita a cinya, yana alkawarin cewa cikin wata uku hannun damanka zai saki, ka riƙa kaɗa kowace waƙa ba tare da tuntuɓe ba. Kuɗin darasin yuro 49, wato jaka 32 da 'yan kai a kuɗinmu na sefa. Yaron nan shekararsa 19, yana koyon gyaran babur a bakin titi, kuma wata biyar ya yi yana ajiye ɗari biyu, ɗari uku, kafin ya haɗa wannan kuɗi. Saboda haka ban ɗauki tambayarsa da wasa ba. Masu darasin sun ba da kwana bakwai na gwaji kyauta, sai na ce masa ya bar mini wayar da dare, ya karɓa da safe.

Ya kamata in faɗi dalilin da ya sa ya zo wurina. Ni ba makaɗi ba ne na a zo a gani. Amma na taso a Zangwatin, tsohon zangon Hausawa da ke tsakiyar Wagadugu, kafin aikin ZACA ya rushe unguwar a 2003 a watsa mu gefen gari. A can na koyi 'yar jitar da na iya, a zauren wani maƙwabcinmu, kuma har yau tsohuwar jitata tana rataye a ɗaki. Da ita na bi darussan, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake bin littafi idan zan yi sharhinsa.

Zan fara da yabo, domin akwai abin yabo. Malamin ya san aikinsa, kuma ya san tsara magana. Babban abin da yake nanatawa shi ne kada hannun dama ya tsaya. Ya riƙa sauka yana hawa kamar mai fifita, ko ya taɓa tsirkiya ko bai taɓa ba, domin a cikin wannan kai da komowa lokacin kiɗa yake zaune. Wannan gaskiya ce, kuma ni sai da na shekara biyu ina fama kafin wani ya faɗa mini ita. Ya nuna yadda ake sassauta wuyan hannu, da yadda ake ɗora gefen tafi a kan tsirkiyoyi don a kashe amo, da yadda ake sauya kamun yatsun hagu ba tare da kiɗa ya yanke ba. Kyamara biyu ce, ɗaya a kan kowane hannu, kuma kana iya rage gudun hoton ka kalla sau goma. Dattijon da ya koya mini ba ya maimaita abu sau uku sai ka sha rankwashi. Wannan malami kuwa ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya aiken ka sayen goro. Wanda ya ce babu amfani a wannan bai yi adalci ba.

Matsalar ta fara bayyana a dare na uku. Duk darasin an gina shi ne a kan ƙidaya huɗu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma. Salon da malamin ya fi ji da shi, wanda ya ce zai buɗe maka ɗaruruwan waƙoƙi, shi ne ƙasa, ƙasa, sama, sama, ƙasa, sama. Gaskiya ne zai buɗe, amma waƙoƙin Amurka da Ingila. Na ɗauki wannan salo na gwada shi a kan wata waƙar biki da matan unguwarmu ke yi da tafi da ƙwarya, sai ya zama kamar an sa wa jaki sirdin doki. Kiɗanmu da yawa tafiyar uku-uku yake yi, ko kuma uku da biyu suna goga kafaɗa a lokaci guda. Ka saurari takamba ta mutanen Gao, ko kalangun da ke bayan Mamman Shata, ka gwada ƙirga huɗu daidai wa daida ka ji yadda ƙafarka za ta rikice. A cikin bidiyo 40 da darasin ya ƙunsa, guda ɗaya tak ya taɓo ƙidayar shida, shi ma a kan wata waƙa mai sanyi ta turawa, wadda ba ta da wannan ɗingishi mai daɗi da ke sa mutum ya miƙe.

Da safe na tambayi yaron, "Kai wa kake so ka zama idan ka iya?" Bai yi jinkiri ba ya ce Mdou Moctar, sai Bombino. A nan ne na gane cewa shi da mai darasin ba hanya ɗaya suka nufa ba.

Jitar Sahel tana da asali, kuma asalinta ba daga share tsirkiya shida a lokaci guda ya fito ba. Ali Farka Touré na Niafunke, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya taɓa jita. Da ya koma jita sai ya kwaso hannun da ya saba da shi: babban yatsa yana riƙe da amo ɗaya a ƙasa ba ya saki, manuniya tana tsinto waƙa a sama. Duk wanda ya taɓa kallon mai molo ko mai gurmi ya san wannan hannu. Shi ne hannun Haruna Uji a kan gurminsa. Ɗan Maraya Jos kuwa da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya yi shekaru yana riƙe da hankalin ƙasa guda har ya koma ga Allah a 2015. Tinariwen, da suka ci kyautar Grammy a 2012, a kan wannan tushe suke. Ba na musun cewa a ƙungiyoyin Agadas akwai mai jita ta biyu da ke share tsirkiyoyi a baya, kuma abin da malamin ya koyar game da sakin hannu zai yi masa amfani. Sai dai shi wannan mai jita yakan zauna a kan kamu ɗaya tsawon lokaci, gwanintarsa tana cikin yadda yake rausayar da bugun. Darasin kuwa ƙarfinsa duk ya tafi ga sauya kamu bayan kowane bugu huɗu.

Akwai kuma batun harshe, wanda nake ganin ya fi sauran zurfi. Hausa harshe ne mai karin sauti. Yadda murya ta hau ko ta sauka shi ke raba fari na launi da fari na rashin ruwa. Mawaƙin Hausa ba ya iya jan kalma inda ya ga dama, dole waƙa ta bi hawa da saukar magana, in ba haka ba ma'ana ta ɓaci. Shi ya sa kayan kiɗanmu suke bin bakin mawaƙi, kalangu ma har magana yake yi. Darasin nan yana koya maka ka shimfiɗa jerin kamu tukuna, sannan murya ta zo ta kwanta a kai. Yaron da ya sha wannan tun farko, ranar da zai yi waƙar Hausa zai riƙa lanƙwasa kalmomi don su shiga ma'aunin da aka ba shi. Muna jin irin wannan a wasu waƙoƙin zamani, inda Bahaushe ke rera Hausa kamar baƙo.

Ƙaramin abu kuma, amma mai cizo: malamin yana kiran kamun yatsu da haruffa, C da G da D, alhali duk makaɗin da yaron zai zauna da shi a Wagadugu do da sol da re ya sani, yadda Faransawa suka bar mana. Ga Turancin malamin mai sauri, fassarar Faransancin da ke bi ta ƙasa kuma ta na'ura ce, wani lokaci sai ka yi dariya.

Babban aibin dai shi ne malamin ba ya jin ka. A dare na biyar na gane cewa tsirkiyata ta uku ta ɗan sauka, na yi kusan awa ina bin darasi da jita marar saiti, shi kuwa yana ta murmushi yana cewa na yi ƙoƙari. Mai koyo yana bukatar kunnen wani kafin nasa ya nuna. Yana bukatar wanda zai ce masa, "Tsaya, kana gudu," ko ya kama masa yatsa ya matsar. Kiɗa kuma abin taro ne. Ba ka sanin ko lokacinka daidai ne sai ka zauna da mai ƙwarya, ya ƙi jiran ka.

Sannan jaka 32 ba ita ce ƙarshen kuɗin ba. Bidiyon ba a sauke su, sai dai a kalla kai tsaye, kowane kallo yana cin kuɗin intanet. Ba sa karɓar Orange Money ko Moov Money da kowa ke amfani da su a nan, sai katin banki, wanda yaron ba shi da shi, sai ya nemi mai kati ya ba shi lada. Ga ɗaukewar wuta a watannin zafi. Wanda ya tsara darasin bai yi ƙarya ba, amma da yake tsarawa ba ɗan zango ne a gabansa ba.

Duk da haka ba zan ce kowa ya guje shi ba. Matashin da ke son rege, kuma garin nan cike yake da masoyan Alpha Blondy da Tiken Jah Fakoly, zai sami abin da yake nema, domin darasin kashe amo shi ne rabin rege. Mai kaɗa wa mawaƙan coci ma zai amfana. Na kuma yi tunanin 'ya'yanmu mata. Mun san halinmu: har yanzu a gidaje da yawa kiɗa sana'ar maroƙa ce, yaro namiji ma da kyar ake barin sa, balle budurwa ta je ta zauna gaban wani makaɗi. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad a Nijar da jitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta. Yarinya irin ta, a cikin ɗaki, da waya da abin sa wa a kunne, wannan malami da ba ya ganin ta yana iya zama ƙofa ɗaya da take da ita. Ita ma dai zan ce ta fara da na kyauta, irin su JustinGuitar da abin da ke YouTube, domin kusan duk abin da na yaba a sama yana can ba ko sisi.

Da kwana bakwai suka cika na kira yaron. Na ce masa, "Ɗana, kada ka saya." Na ga fuskarsa ta canza, domin wata biyar yana mafarkin abin nan. Sai na tuna masa da gwaninsa. Mdou Moctar da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da wayar birkin keke ya yi tsirkiya. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya kafin duniya ta san sunansa. Na tuna masa da Victor Démé na Bobo, tela ɗan tela, wanda sai da ya kai shekara 46 faifansa na farko ya fito a 2008. Na ce masa a ƙasar nan har shugaban ƙasa mun yi mai kaɗa jita, Thomas Sankara, don haka kada wani ya sa shi jin kunyar abin da yake so. Abin da waɗannan mutane suka tara shi ne kunne, da zama da waɗanda suka fi su.

Ga yadda muka raba kuɗin. Ya sayi sababbin tsirkiyoyi, aka kai jitata wurin mai gyara aka daidaita mata wuya, na ba shi aro. Akwai wani dattijo da ke kaɗa wa 'yan biki a unguwarmu, na je da kaina na roƙe shi, ya yarda yaron ya riƙa zuwa ranar Lahadi yana ɗaukar masa kaya, yana ba shi ɗan abin goro. Na ce ya riƙa leƙa Reemdoogo a Gounghin, inda makaɗa ke gwaji, ya zauna ya yi shiru ya kalli hannaye. Idan lokacin Jazz à Ouaga ya zo, kada ya bari ya wuce shi. Sauran kuɗin na sa ya mayar asusu. Abu ɗaya na ɗauko masa daga darasin, na kuma gaya masa daga inda na samo shi: kada hannun dama ya tsaya.

Wata biyu ke nan. Jiya da dare na ji shi a bayan gida yana bin wata waƙar Ali Farka da ya rage wa gudu a waya, yana komawa kan gaɓa ɗaya har na daina ƙirgawa. Babban yatsan bai zauna ba tukuna, yana sakin amon ƙasa duk lokacin da manuniya ta motsa. Uwarsa ta leƙo ta ce, "Yaya, ka ga abin da ka jawo mana, ba ma barci." Na ce ta yi haƙuri zuwa bayan salla, idan bai gyaru ba ni da kaina zan karɓe jitata.